Tsakanin Ɗakin Inji da Ofishin Manaja: Yadda Ake Isar da Magana Kafin Inji Ya Tsaya

A kusan kowace ma'aikata mai inji, ko kamfanin casar shinkafa ne a Sharada, ko asibiti mai janareta biyu, ko ofishin da aikinsa duka ya rataya a kan kwamfuta, ranar da abu ya lalace magana ɗaya ake ji. Injiniya ya ce, "Ai na faɗa tun watan jiya." Manaja ya ce, "Ba wanda ya gaya mini abin ya kai haka." Sau da yawa kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Injiniyan ya faɗa, amma a bakin ƙofa ya faɗa, manaja na ƙoƙarin shiga mota, kuma iyakar abin da ya ce shi ne, "Ranka ya daɗe, boris ɗin nan ya fara ƙara." Manaja ya ce, "To, a duba." A kunnen injiniya an yi gargaɗi an ƙi ji. A kunnen manaja an ba shi labari ne irin wanda yake ji sau goma a rana.

Ma'aunin mutanen biyu ne ya bambanta. Ma'aikacin fasaha da awa yake lissafi, da zafi, da ƙara, da launin hayaƙi. Manaja da naira yake lissafi, da ranar da aka yi wa mai kaya alkawari, da tambayar da maigida ko hukumar daraktoci za su yi masa a ƙarshen wata. Duk maganar da ba a juya ta daga wannan ma'auni zuwa wancan ba, ba ta isa ba, ko da an faɗe ta sau bakwai. Juyawar kuwa a kan injiniya ta fi faɗawa, don shi ne ya ga abin da idonsa.

Juya lalacewa ta koma kuɗi da kwanan wata

Kafin ka doshi ofis da maganar gyara, ka tanadi amsar tambayoyi huɗu: mene ne ya fara lalacewa, zuwa yaushe zai iya kaiwa, nawa ne gyaransa yau, nawa ne asarar in aka bari ya mutu da kansa. Ta huɗun ita aka fi mantawa, ita ce kuma kaɗai ke sa a buɗe aljihu.

A ɗauka, don misali kawai, injin casa yana fitar da tan 2 a awa, yana aiki awa 10 a rana, ribar kamfani a kan kowane tan naira 30,000 ce. Kwana ɗaya a tsaye ke nan naira 600,000. Boris ɗin babbar motar lantarki mai juya injin, wato zoben da shaf (sandar ƙarfe mai juyawa) ke juyawa a cikinsa, ya fara zafi. Sabo da kuɗin aiki naira 180,000, canjin kuma awa 3 ne, ana iya yin sa ranar Juma'a da rana lokacin da dama aiki ke tsayawa. In aka bar shi ya kama, ba boris kaɗai zai tafi ba: zai iya cinye shaf, ya ƙona naɗin wayar motar. Sai an kai motar wurin masu naɗi, wataƙila a jira kaya daga Legas. Kwana huɗu a tsaye naira miliyan 2.4 ne, ban da kuɗin naɗi, ban da albashin mutanen da za su zauna suna kallon juna, ban da ɗan kasuwar da zai kai shinkafarsa wani wuri ya ƙi dawowa.

Yanzu kwatanta maganganun biyu. "Boris yana ƙara" da kuma "Muna da zaɓi tsakanin kashe naira 180,000 ranar Juma'a ko asarar da za ta haura miliyan biyu cikin makonni masu zuwa." Ta biyun manajan da ba ya bambance sifana da fulaya zai gane ta.

In ba ka san ribar tan ɗaya ba, kada ka ƙirƙira. Je wurin akanta ka tambaye shi nawa kamfani ke rasawa in aka tsaya awa ɗaya. In ya ce sirri ne, lissafa da buhu ko da yawan marasa lafiyan da za a mayar gida ko da yawan takardun da ba za su fita ba. Manaja ya san yadda zai mayar da su naira a ransa.

Batun "zuwa yaushe" yana buƙatar gaskiya. Ba wanda ya san ranar da boris zai kama. Amma ana iya aunawa: ka riƙa ɗaukar zafinsa kullum a lokaci ɗaya, ka rubuta. In makon farko yana digiri 55, na biyu 63, na uku 72, wannan hawan ya fi duk wata rantsuwa. Na'urar auna zafi ta hannu ba ta da tsada, kuma tana kashe gardamar da baki ba ya kashewa. Abin da ke ɓata sunan injiniya shi ne kururuwar ƙarya. Wanda ya ce "gobe zai fashe" sau uku bai fashe ba, ranar da abin ya zo da gaske an riga an daina sauraronsa.

Takarda, shafi ɗaya

Rubuta buƙatar, kuma kada ta wuce shafi ɗaya. Layin farko ya faɗi abin da kake so a yi da ranar da kake so a yanke hukunci. Bayanin fasaha ya biyo baya, a taƙaice. Mutanenmu na fasaha sukan yi akasin haka: su fara da tarihin injin tun ranar da aka kafa shi, buƙatar ta ɓuya a sakin layi na biyar inda ba wanda zai kai.

Ka ba da zaɓi biyu ko uku, ba ɗaya ba. Na farko cikakken gyara da kuɗinsa. Na biyu gyaran wucin gadi, da kuɗinsa, da tsawon lokacin da zai riƙe. Na uku a bar shi haka, da abin da zai iya biyo baya. Sannan ka faɗi wanda kai ka zaɓa da dalili. Manajan da aka kawo wa hanya ɗaya tak ji yake an titsiye shi, kuma wanda aka titsiye "a'a" ko "bari mu gani" ya fi saurin fita daga bakinsa. In aka ba shi zaɓi, aikinsa aka ba shi.

A ƙasan takardar ka bar wuri: zaɓin da aka amince da shi, sa hannu, kwanan wata. Wasu manajoji za su ga kamar tarko ne. Ka bayyana tun farko cewa takardar tana kare su ma: ranar da maigida ya tambayi dalilin kashe naira 180,000, ga hujja a rubuce. Ka ajiye kwafi a fayil ɗin sashe, ba a aljihunka ba.

"To, ranka ya daɗe"

Nan ne tarbiyyarmu ke yi mana tarnaƙi. An rene mu da cewa ba a musu da babba, ba a ce masa "ba zai yiwu ba" a gaban mutane. Don haka in manaja ya ce a ci gaba da aiki da injin haka nan, matashin injiniya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka ya daɗe, za a yi ƙoƙari." A zuciyarsa wannan na nufin "na ji, amma ban yarda ba." Manaja kuwa ya tafi da cewa masani ya amince. Kunyar da ta kyautu a zauren gida, a ɗakin inji tana iya kashe mutum.

Ana iya ƙin yarda ba tare da raini ba. Kada ka yi a gaban leburori ko a tsakiyar taro, inda janye magana zai zame masa zubar da girma. Bi shi ofis. Fara da abin da ya dame shi: "Yallaɓai, na san kayan Alhaji dole su fita ranar Asabar." Sannan naka: "Abin da nake tsoro shi ne in muka matsa wa injin, mu rasa Asabar ɗin da makon gaba duka." Sannan mafita: "In aka ba ni awa uku yau da dare, zan iya tsaya maka a kan Asabar."

In duk da haka ya ce a ci gaba, kuma abin na dukiya ne ba na rai ba, hukuncinsa ne, ka bi. Shi ya san bashin da ke kan kamfani da abin da ke asusu, kai ba ka sani ba. Amma ka mayar da umarnin baki ya zama rubutu a ranar. Saƙon WhatsApp ya wadatar: "Ranka ya daɗe, don kada in manta: mun tsaya a kan a ci gaba da aiki da injin na biyu har Asabar, a canza boris ranar Lahadi. Zan riƙa auna zafinsa duk bayan awa biyu, in ya kai digiri 85 zan tsayar in kira ka." Babu zargi a ciki, babu barazana. Amma ya nuna wa ya yanke, ya kuma kafa iyakar da in aka kai ta ba sai an sake neman izini ba.

Misalin da ake koyar da ɗaliban injiniyanci a kan wannan batu daga Amurka yake. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Musabbabin wani zoben roba ne da ke toshe mahaɗar roka, wanda sanyi ke sa shi ya sandare ya kasa toshewa. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokar, sun san matsalar. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya rubuta takardar gargaɗi tun watan Yulin 1985. Daren jajiberin tashi suka ba da shawarar kada a harba in sanyi ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 a ma'aunin Selsiyus, mafi sanyin yanayin da aka taɓa harbawa a ciki. Jami'an NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka nuna rashin jin daɗi, manyan kamfanin suka keɓe suka tattauna, aka nemi shugaban injiniyoyi ya ajiye tunanin injiniya ya yi tunanin manaja, aka janye shawarar. Da safe aka harba a yanayin kimanin digiri 2. Abin lura biyu ne. An juya tambayar: maimakon a nemi hujjar cewa babu haɗari, sai aka nemi injiniyoyi su tabbatar cewa lallai abin zai fashe, abin da ba mai iya tabbatarwa. Kuma takardun da aka gabatar a daren, cike da lambobi, ba su ɗora sanyi da lalacewar zobe a hoto guda da kowa zai gani ya gane nan take ba. Duk ranar da ka ji an ce maka "kawo hujjar cewa zai lalace," ka san an juya tambayar, ka mayar da ita mazauninta cikin ladabi: "Wace hujja muke da ita cewa zai riƙe?"

Inda ba a ciniki

Akwai abubuwan da ba sa shiga takardar zaɓi uku. Aiki a kan layin wuta ba tare da an kashe an sa kwaɗo a kan makunni ba. Cire murfin kariya daga bel ko sarƙa don a yi sauri. Ɗaure bawul ɗin tsaro na tukunyar tururi saboda yana yawan busa. Maye gurbin fis da waya. Tura mutum cikin tanki ko rijiyar mai ba a gwada iskar ciki ba, ba kuma mai tsaye a baki. A waɗannan amsar "a'a" ce, ko wa ya ba da umarni, kuma dokar masana'antu ta Najeriya tana bayanka: ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da duba tukunyar tururi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci.

Dabarar ita ce a rubuta wannan jerin tun ana zaman lafiya, manaja ya sa hannu, a liƙa a bango. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da mota ke jiran lodi kuma maigida na buga waya, ba ranar tattauna ƙa'ida ba ce. A masana'antun Toyota akwai igiya a gefen layin aiki da kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, ke da ikon ja in ya ga matsala. Shugaban rukuni ya zo nan take, in ba a warware ba layi ya tsaya. Igiyar ba tsada gare ta ba. Abin da ke da wuya shi ne a daina tsangwamar wanda ya ja ta. Ma'aikacin da aka ci wa mutunci don ya tsayar da inji bisa kuskure, karo na gaba zai zuba ido ne.

Kwaɗon makunni kuwa, kowane mai aiki a kan layin ya sa nasa, makullin na aljihunsa. Kwali mai rubutun "kada a kunna" iska na ɗauke shi, sabon ma'aikaci kuma ba lallai ya iya karatu ba.

Dizal, safaya da zargi

Ba abin da ke lalata amana tsakanin ofis da ɗakin inji kamar mai da kayan gyara. Manaja na zargin ana zuƙar dizal ana kuma ƙara kuɗi a rasit. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Kowa a sana'ar nan ya san ana yi. Injiniya mai gaskiya shi ya fi kowa buƙatar tsarin da zai wanke shi.

Littafin janareta ya ƙunshi karatun mitar awa safe da yamma, tsayin mai a tanki da sanda mai alama, litar da aka zuba, da nauyin da injin ke ɗauke da shi. Janareta mai kVA 100 da ke ɗauke da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa yakan sha lita 16 zuwa 18 a awa. In littafi ya nuna 25 a kan wannan nauyi, akwai magana, amma ba lallai sata ba: noza mai fesa mai ta lalace, matatar iska ta toshe, ko bututu na yoyo. Da littafi ana bincike. Babu littafi sai zargi. Mai karɓar dizal daga tanka kada ya zama shi kaɗai ne mai aunawa: mutum ɗaya daga sito, ɗaya daga sashen inji, su auna kafin da bayan juyewa.

Sabis ma ya zama da awa, ba da "in an samu kuɗi" ba. A yanayinmu na ƙura da man da ba kullum yake da tsabta ba, masu gyara da yawa kan canza baƙin mai da matata duk awa 250, ko da littafin injin ya ba da dama fiye da haka. Injin da ke aiki awa 12 a rana yana cika awa 250 cikin mako uku. Manajan da ya saba da motarsa zai ga kamar an cika sabis. A nuna masa lissafin sau ɗaya, a sa kuɗin a kasafin wata-wata, a daina zuwa roƙo kowane karo. A kuma sanar da shi tun da wuri cewa hunturu na toshe matatar iska da wuri, zafin Maris zuwa Mayu na buƙatar a wanke lagireto, sannan kafin damina a gwada wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa saboda tsawa. Wani kuskuren da ofis kan yi da kyakkyawar niyya shi ne sayen ƙaton janareta "saboda gaba," a riƙa kunna shi don fitilu da fanka. Injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya ƙona mai sosai, baƙin ruwa ya riƙa fita ta salansa, ya tara dauɗa a ciki.

Wajen saye, raba hannu. Injiniya ya rubuta ainihin abin da ake so: lambar kayan, kamfanin da ya ƙera, awo, da sharaɗin cewa shi zai duba kafin a biya. Sashen saye ya nemo farashi daga wurare uku. Injiniya ya duba abin da aka kawo, ya sa hannu ko ya mayar. Tsohon da aka cire a kai sito. Haka ba wanda zai ce ya ci la'ada, shi ma ba za a kawo masa jabu a ce ya ɗaura ba. A ma'aikatun gwamnatin tarayya dokar sayen kaya ta 2007 ta ce a ba mai farashi mafi ƙasa daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Ma'ana ƙarfin injiniya na cikin rubuta sharuɗɗan. Wanda ya rubuta "batir 12" kawai, duk abin da aka kawo masa shi ya jawo. Araha ba ta ado, amma sai an rubuta adon da ake so kafin a ƙi arahar.

"Yaushe za a gama?"

Kada ka amsa kafin ka buɗe injin. Ka ce, "Ba ni awa ɗaya in gano matsalar, sannan in faɗi lokaci." In ka gano, ba da lokaci biyu da sharaɗinsu: "In safayar na Kofar Ruwa, gobe da azahar. In sai daga Legas, Alhamis." Sannan ka riƙa kai rahoto a lokacin da ka ɗiba, ko da babu sabon labari. Manajan da ke zuwa yana tsaya maka a ka duk rabin awa, galibi shi ma wani ne ke kiransa duk rabin awa. In ya san ƙarfe biyu zai ji daga gare ka, zai bar ka ka yi aiki. "Yanzu-yanzu" da "an kusa" su ne kalmomin da suka fi cin mutuncin masu gyara.

Abin da ke kan manaja

Ka ware minti 20 kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ka sauka ɗakin inji da ƙafarka. Tambayoyi uku sun isa: me ya tsaya a makon nan, me kuke tsoron zai tsaya, me kuke jira daga gare ni. Ka yi wa ƙaramin ma'aikaci tambayar kai tsaye wani lokaci, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma labari kan rage ɗaci kafin ya hau bene.

Duk takardar buƙata ta samu amsa cikin kwanaki uku: e, a'a, ko sai ranar kaza. Shiru ya fi "a'a" ɓarna, don injiniya ba zai nemi wata dabara ba yana jiran kuɗin da ba za su zo ba. Ka ba shugaban sashe ikon kashe ƙaramin kuɗi da iyaka sananniya, ya kawo rasit daga baya. Bai kamata inji ya kwana a tsaye saboda bel ɗin da bai kai kuɗin man motarka na yini ba yana jiran sa hannu uku.

Kada ka yi wa mai kaya alkawarin rana kafin ka tambayi waɗanda za su yi aikin. Kada ka kawo ɗan kwangila daga waje ya taɓa inji ba da sanin injiniyan gida ba. Gobe in ya lalace, ba wanda zai ɗauki alhaki. In abu ya ɓaci, tambayar farko ta zama "yaya aka yi," ba "waye" ba. Inda ake korar mutum a kan kowane kuskure, kurakurai ba sa raguwa, ɓoye su ake yi. Kuma ka lura da wanda kake yabo. Wanda ya kwana yana tayar da injin da ya mutu kowa na ganinsa. Wanda injinsa bai taɓa mutuwa ba sai a ga kamar zaman banza yake. In lada na zuwa ga na farko kaɗai, ka koya wa ma'aikatanka su bar abu ya lalace.

Kuɗin horo ma ba duka daga aljihunka zai fito ba. Kamfanonin da ke biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu ga asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, suna iya neman a mayar musu da wani kaso, har zuwa rabi, in sun horar da ma'aikata bisa ƙa'idar asusun.

Masu kwamfuta

Nasu ya fi wuya, don lalacewarsu ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Manaja na iya jin boris, amma ba ya jin cewa wata shida ba a kwafi bayanai ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba kuwa, zato ne kawai. Duk wata uku a dawo da fayil ɗaya a gaban manaja ya gani da idonsa. Batiran inbata da na UPS (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke) masu ruwan gubar dalma zafi na cinye su: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsu, don haka na'urar sanyaya ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, ba jin daɗin ma'aikaci ba ce.

In babba ya ce a ba shi ikon shiga komai, ko a bar kalmar sirri ɗaya ga ofis duka don sauƙi, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka abin faɗa: alhakin bayanan abokan hulɗa na kan ma'aikata, kuma in aka yi kutse mai haɗari ga mutane, awa 72 ake da su a sanar da hukuma. Sai dai shi ma mai kwamfuta kada ya mayar da kansa makullin gida. Manyan kalmomin sirri a rubuta, a rufe a ambulan, a sa a sef ɗin shugaba, a sabunta duk lokacin da aka canza.

Girma da tafiya

Wani ɓacin ran ba daga inji yake ba. A aikin gwamnati an daɗe ana tsayar da mai HND a matakin albashi na 14 yayin da mai digiri ke kaiwa 17, kuma wannan bambanci ya bi mutane har kamfanoni masu zaman kansu. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya, wadda aka kafa a 1970, tana yi wa rukuni huɗu rajista, daga injiniya har mai sana'ar hannu, amma a wurare da yawa hanyar ƙarin albashi ɗaya ce: ka bar sifana ka koma tebur. Sakamakon shi ne a ɗauki gwanin makaniki a mayar da shi manajan da ba ya son aikin, a yi asara biyu. Kamfanin da ke da iko da tsarin albashinsa ya buɗe tsani na biyu, inda babban masanin inji zai kai albashin shugaban sashe yana nan a kan injinsa.

Wanda kuma zai tafi, kada a jira takardar barin aikinsa kafin a tambaye shi abin da ke kansa. Kowane inji ya samu fayil: zanen wayoyi kamar yadda suke yanzu bayan gyare-gyaren shekaru, lambobin safaya, inda ake samunsu, da halayensa da ba sa cikin littafi, irin su bawul ɗin da sai an ɗan buga shi kafin ya buɗe. Kowane muhimmin aiki mutum biyu su iya shi, na biyun kuma ya yi shi da hannunsa aƙalla sau ɗaya a wata, na farkon na tsaye yana kallo bai taɓa ba.